Tattara Waƙoƙin Ƙasar Kankiya da Kusada

Waƙar da ba a rubuta ba tana zaune ne a bakin mai ita kaɗai, ran da ya rasu sai ta bi shi kabari. Saboda haka masana suka shiga ɗaukar muryoyin makaɗa suna ajiyewa. Wani Ba'amurke, David Ames, ya yi wannan aiki a ƙasar Zazzau, Anthony King kuwa a Katsina, har suka haɗu suka buga littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Manyan mawaƙa da sauƙi. Mamman Shata, mutumin Musawa, ya rasu a 1999, amma gidajen rediyo da masu sayar da kaset sun riƙe muryarsa. Waɗanda ake tsoron salwantarsu su ne waƙoƙin talakawa, watau waƙar niƙa, da ta daɓe, da kiɗan gangar noma ran gayya. Tun da injin niƙa ya shiga ƙauyukan Kankiya da Kusada, siminti kuma ya kori daɓe, tsofaffi ne kurum suka san su.

Aikin fa ba ɗaukar murya kaɗai ba ne. Da fari a nemi iznin mai gari da na mai waƙar, wajen matan kulle kuwa mace ake aikawa. Sa'an nan a rubuta sunan mawaƙi, da garinsa, da ranar, da abin da aka kaɗa, kalangu ne ko kukuma. Tsofaffin kaset zafi da ƙura suna cin su, sai a juye su cikin kwamfuta. A ganina ya kamata kowace waƙa a mayar wa iyalin mai ita da tasu ajiyar.