Baƙo a Dayi: Tuwon Gida ko Teburin Mai Shayi?

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare



A zangon karatun da ya wuce an turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu yana koya mana lissafi. Masaukinsa yana bayan gidanmu. Kusan sati uku, duk sanda aka aike ni bakin titi da daddare sai in gan shi a kan bencin mai shayi, da farantin Indomie da ƙwai a gabansa. Da safe ma can yake karyawa. Rannan Baba ya gan shi, da ya dawo gida sai ya ce wa Inna, "Yaron nan ɗan mutane ne, ya baro iyayensa. Bai kamata muna maƙwabtaka da shi yana kwana da taliyar leda a ciki ba." Daga ranar aka ce a riƙa zuba masa tuwon dare, kuma ni ne ɗan kaiwa.

Gaskiya raina bai so ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ni kuwa gani nake mutumin da ya gama jami'a zai raina mu. Har na ce wa Inna ko za ta dafa masa shinkafa. Ta ce abin da muka ci shi zai ci, in ɗauki kwano in wuce. Wannan kunyar da na ji ita ce ta sa na yi wannan rubutu, domin na san ba ni kaɗai nake jin ta ba.

Dayi gari ne na baƙi. A nan hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta taso daga Funtua ta Malumfashi ta nufi Katsina. Direbobi suna yada zango, masu sayen masara da dawa da waken suya suna zuwa da kaka, ga kuma 'yan bautar ƙasa. Shi shirin bautar ƙasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shi a 1973, bayan yaƙin basasa, don matasa su yi shekara guda a wani yanki da ba nasu ba su san mutanensa. To duk baƙon da ya sauka a garin nan, wuri biyu yake samun abinci: ko a bakin titi da kuɗinsa, ko a gidan mutane.

Na bakin titi shi ne mai sauƙi. Mai shayi yana da tebur da benci da babbar tukunyar ruwan zafi, ga burodi a jere, ga gwangwanayen madara. In kana da kuɗi ka ce a yi maka haɗin kauri, in aljihu ba nauyi ka sha ruwan bunu, wato shayin da ba madara. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an soya maka ƙwai. A nan ake jin labarin siyasa da ƙwallo da farashin taki, wani lokaci har gardama ta kaure a manta da shayin ya huce. Sai dai wurin na maza ne. Mace in tana so, yaro take aikawa da kofi. Ban da mai shayi akwai masu ƙosai da koko da safe, da masu garau-garau da rana, da mai tsire da yamma. Akwai kuma awara, wadda da waken suyan gonakinmu ake yin ta, kuma malamin aikin gona ya gaya mana mutanen ƙasar Sin sun daɗe suna yin irinta.

Ni ba na kushe abincin titi, don ni ma in na samu kuɗi can nake nufa. Amma ku lura da abu ɗaya. Indomie asalinta daga ƙasar Indunusiya take, kuma alkamar da ake yin ta da burodi yawancinta daga waje ake shigo da ita. Shi ya sa kuɗinsu ba ya zama wuri ɗaya, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ɗan bautar ƙasa da ke cin ta safe da dare, alawus ɗinsa ba zai kai shi ƙarshen wata lafiya ba. Kuma mai shayi ba zai tambaye ka ko ka ƙoshi ba, nawa ka ci zai lissafa.

Yanzu mu koma ga tuwon da na ji kunyarsa. Da na zauna na lissafa aikin da ke cikinsa sai jikina ya yi sanyi. Dawar nan mu muka shuka ta da damina, muka yi noma, muka girbe aka zuba a rumbu. In za a ci sai an sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a wanke, a shanya, sannan a kai inji. In an dawo da gari a tankaɗe da rariya. Sai a yi talge, a zuba gari a tuƙa da muciya har hannu ya gaji, a rufe ya sulala, a kwashe da mara. Miyar ma haka. Ganyen kuka ake busarwa a daka. Daddawa kuwa daga kalwa ake yin ta, wato 'ya'yan ɗorawa, sai an dafa su an rufe kwana da kwanaki kafin ta yi ƙamshin nan da wasu suke toshe wa hanci amma ba sa iya cin miya ba ita. In an kaɗa miyar da maburgi aka zuba man shanu a kai, ba sai na yi muku bayani ba. Indomie minti kaɗan take ɗauka. Malmala ɗaya ta tuwo kuwa tun daga shuka aka fara aikinta.

Cin abinci a gidan Bahaushe yana da ƙa'idojin da mu mun tashi a cikinsu, shi kuwa baƙo ba wanda ya koya masa. Ruwa ake fara ba shi kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. In ya tarar ana ci aka ce masa "Bismillah", to ya sa hannu ko da loma ɗaya ce, ko ya ce "Alhamdu lillahi" da sakin fuska. Da hannun dama ake ci, kowa ya ci gabansa, kuma in akwai nama a kwano yaro ba ya riga babba ɗauka. Ba a biyan kuɗin abincin gida. Malaminmu ranar farko ya miƙo mini kuɗi ya ce in kai wa Inna. Da ta gani ta ɓata rai ta ce ita ba tuwon sayarwa take yi ba, in mayar masa. Daga baya na yi masa bayani cewa abin da aka sani shi ne tukwici, ɗan abin da ake ba yaron da ya kawo saƙo, shi ma ba dole ba ne. Wannan bayanin kam ban yi asararsa ba.

Akwai wata al'ada da ta fi rikita shi. Ranar da Baba ya gayyace shi gida, an shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka ajiye abinci, sai kowa ya tashi aka bar shi shi kaɗai. Washegari a makaranta ya tambaye ni ko wani laifi ya yi. Na ce a'a, girmamawa ce. Ana barin baƙo ne don kada ya ji nauyin idon mutane ya kasa ƙoshi. Sai wanda ya zama ɗan gida ake zama a ci tare da shi. Hakan kuwa ta faru, domin bayan wata guda Baba ya fara kiransa ciyayya, inda magidantan layinmu kowa yake fito da kwanon gidansa ƙofar gida bayan sallar isha'i a haɗu a ci. Kakana ya ce a da kusan kowane layi ana yi, yanzu tsadar hatsi ta sa wasu sun janye kwanonsu, wasu kuma matasan sun fi son bencin mai shayi. A wurin ciyayyar nan malaminmu ya koyi yawancin Hausar da yake ji yanzu, ya kuma san dambu da fate da ɗanwake da kwaɗon zogale.

To shin ya raina tuwon? Ko kaɗan. Ya ce a garinsu ma da hannu suke cin teba da sakwara, kuma suna da miya mai yauƙi, don haka bai sha wahala ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ɗumame. Bai taɓa zaton tuwon jiya zai fi na yau daɗi ba, har ya roƙa a riƙa ƙara masa malmala ɗaya saboda safe. Fura da nono ce kawai ta sa shi barci a ofishin malamai, wannan kuma 'yan ajinmu shaida ne.

Bai daina zuwa wurin mai shayi ba, don can yake jin sakamakon ƙwallo. Amma yanzu shayi kawai yake sha ya taso, saboda ya san ana jiransa a ƙofar gida. Nan da 'yan watanni zai gama hidimarsa a turo wasu sababbi, su ma a bencin nan za mu fara ganinsu. Duk wanda gidansu yake kusa da masaukinsu, ya gaya wa iyayensa tun satin farko, kada a bari sai an yi sati uku kamar yadda muka yi. In za ku kai, ku zuba yaji a gefe daban, ku kuma gaya masa ya dawo da kwano, don na Inna mai murfi yau kwanansa biyu a ɗakin malam.