Ladubban Ba da Shawarar Kaya a Tsakanin Matuƙa Jiragen Sama

Gabatarwa

A fagen nazarin walwalar harshe, ba gina jimla daidai da nahawu kaɗai ake dubawa ba, har ma da dacewarta da mai magana da wanda ake yi wa ita da kuma muhallin da aka yi ta. Ɗaya daga cikin wuraren da wannan ya fi fitowa fili shi ne lokacin da mutum ya ce wa ɗan'uwansa: "Sayi kaza." Hausa tana da kalmomi uku da suka raba wannan aiki gida-gida, wato shawara da talla da dillanci. Mai shawara amfanin mai tambaya ya sa a gaba. Mai talla kayansa yake son ya sayar, kuma kowa ya san haka. Dillali kuwa yana tsakani ne, yana jiran la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Babu abin kunya a cikin ukun nan. Matsala tana tasowa ne idan mutum ya yi talla ko dillanci amma ya furta shi da lafazin shawara.

An zaɓi matuƙa jiragen sama a matsayin misali domin su rukuni ne da ke dogara ƙwarai da maganar juna wajen sayen kayan aiki, kuma kuskure a wurinsu ba ya tsayawa ga asarar kuɗi. Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: a Zariya kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1964. Ingilishi ne harshen aikin a hukumance, saboda haka misalan zance da za a kawo da Hausa an ƙirƙire su ne don koyarwa.

Yadda shawara ta zama haja

A wajajen 1930 wani matuƙin jirgin ɗaukar wasiƙu a Amurka, mai suna Elrey Jeppesen, ya sayi ɗan littafin rubutu ya riƙa tattara bayanai a cikinsa: tsawon filayen sauka, da tsayin duwatsu, har da lambobin wayar manoman da za su iya gaya masa yanayin sama a yankunansu. Don kare ransa ya yi haka, domin a lokacin babu taswirar da za a dogara da ita. Abokan aikinsa suka riƙa roƙon ya ba su su kwafa, har a 1934 ya fara sayar da kowane kwafi a kan dala 10. Daga nan kamfanin taswirorin jiragen sama mai ɗauke da sunansa ya samo asali, wanda Boeing ya saya a shekarar 2000, ya kuma sanar da sayar da shi a 2025.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, ranar da Jeppesen ya sa wa littafinsa farashi, matsayin maganarsa ya sauya. Kafin ranar, in ya ce "littafin nan zai taimake ka," shawara ce. Bayan ranar, jimlar ba ta canza ko da harafi ɗaya ba, amma ta zama talla. Ba ƙarya yake yi ba, kuma abokansa sun san shi ne mai kayan, shi ya sa babu yaudara a ciki.

Tambaya kafin amsa

A 1975 masanin falsafar harshe Paul Grice ya bayyana cewa masu zance suna tafiya ne bisa wata yarjejeniya ta haɗin kai mai ƙa'idoji huɗu: a faɗi daidai gwargwadon abin da ake buƙata, a faɗi abin da aka yi imani gaskiya ne kuma ake da hujja a kansa, a faɗi abin da ya danganci batu, a kuma faɗe shi a sarari. Mu ɗauki ta uku mu auna ta da kayan da matuƙa suka fi tambayar juna a kansa, wato na'urar kunne mai haɗe da makirfo. Ƙarar injin ƙaramin jirgi takan haura desibel 85, wanda shi ne matakin da daɗewa a cikinsa ke lalata ji. Na'urorin iri biyu ne. Akwai masu toshe ƙara da kaurin marfinsu kawai, irin wasu daga cikin na kamfanin David Clark. Akwai kuma masu kashe ƙara da lantarki, waɗanda kamfanin Bose ya fara fitarwa kasuwar matuƙa a 1989. Irin waɗannan sukan haura dala 1,000, alhali na farkon ba su kai rabin haka ba. A duba waɗannan amsoshi biyu:

(1) Ɗalibi: Kyaftin, wace na'urar kunne zan saya?
Kyaftin: Sayi mai kashe ƙara da lantarki, ita ce ta fi kowace.

(2) Ɗalibi: Kyaftin, wace na'urar kunne zan saya?
Kyaftin: Wane jirgi kake koyo da shi? Awa nawa kake yi a sama a mako? Kuma nawa ka tanada?

A zahiri (1) ce ta amsa tambayar, (2) kuwa ta mayar da tambaya da tambaya, abin da a wasu wurare ake ɗauka rashin ladabi. Amma a nan (2) ce ta kiyaye ƙa'idar. Dalili kuwa shi ne, fulogin na'urar ma ba iri ɗaya ba ne: yawancin ƙananan jirage fulogi biyu suke amfani da su, jirgi mai saukar ungulu yawanci guda ɗaya, jiragen Airbus kuma wani iri daban mai ƙafa biyar. Wanda ya amsa bai san jirgin ba, kansa ya ba shawara, ba mai tambaya ba.

Tabarau ma haka ne. Akwai irin da ke tace ƙyallin da ke tasowa daga ruwa ko kwalta, wanda direbobin mota suke yabawa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ba ta ba matuƙa shawarar sa shi ba, domin yakan dusashe rubutun da ke kan allunan lantarki na ɗakin tuƙi, yakan kuma ɓoye walƙiyar jikin wani jirgin da ke tahowa, wadda sau da yawa ita ce ke fara ankarar da matuƙi. Mai cewa "na shekara biyar ina sa shi" bai yi ƙarya ba, sai dai bai ce a mota yake sa shi ba.

"Wai" da "na gani"

Nan ne Hausa take da kayan aiki masu kyau, kuma nan ya kamata ɗalibi ya fi mayar da hankali. Harshen yana da hanyoyin nuna inda mai magana ya samo labarinsa. A kwatanta:

(3) Na'urar nan tana da ƙarko.
(4) Wai na'urar nan tana da ƙarko.
(5) An ce na'urar nan tana da ƙarko, amma ni ban gwada ba.
(6) Na yi awa ɗari uku da ita a jirgi mai inji ɗaya, ba ta taɓa ɗaukewa ba.

Jimla ta (3) ta ɗauki nauyin maganar gaba ɗaya ba tare da ta nuna hujja ba. Ta (4) ta sauke nauyin, har ma takan ɗauke da ƙamshin shakka. Ta (5) ta raba ji da gani. Ta (6) ita ce mafi amfani, domin ta faɗi iyakar sanin mai magana: tsawon lokaci da irin jirgi. Laifin da aka fi aikatawa shi ne mutum ya ji magana a matsayin (4) ya isar da ita a matsayin (3). Wato "wai" ta faɗi a hanya, jita-jita ta koma shaida. Idan maganar ta ratsa baki uku ko huɗu, na ƙarshe zai rantse a kan abin da babu wanda ya gwada.

Ga inda wannan ke da haɗari. A ranar 21 ga Janairu 2019 ƙaramin jirgin da ya ɗauko ɗan ƙwallon ƙafa Emiliano Sala daga Faransa zuwa Birtaniya ya faɗa teku. Bincike ya nuna iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kama kashi 58 cikin ɗari na sinadarin da ke ɗaukar iska a jininsa, kuma masu binciken sun ba da shawarar a wajabta na'urar da ke yin gargaɗi da kanta a irin waɗannan jirage. Akwai ɗan kati mai araha da ke sauya launi idan iskar ta taru, amma sai matuƙi ya dube shi, kuma yakan daina aiki bayan wani lokaci. Wanda ya ce wa ɗalibi "katin nan ya ishe ka, ni ban taɓa samun matsala ba," ya faɗi gaskiyar da ba ta tabbatar da komai ba, domin mai yiwuwa iskar ce ba ta taɓa shiga jirginsa ba.

A kan kayan gyara kuwa, ladabin shi ne mutum ya san cewa maganarsa ba ta isa ba sam. A ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgin kamfanin Partnair ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka rasu. An gano cewa uku daga cikin kusoshi huɗu da ke riƙe da wutsiyarsa jabu ne. Saboda haka "na san inda ake samu da araha" ba shawara ba ce da matuƙi zai ba ɗan'uwansa. Takardar shaidar asalin kayan da sa hannun injiniya mai lasisi su ne abin dogaro.

Maganar la'ada

A kasuwannin ƙasar Hausa dillali sananne ne, kuma mai saye yana sauraron yabonsa yana ragewa a zuci. Abin da bai yiwuwa a rage shi ne yabon wanda ba a san dillali ba ne. Malamin tuƙin da kamfani ya ba na'ura kyauta, ko yake samun kaso idan ɗalibansa suka saya, in ya ce "ita nake amfani da ita," kowace kalma tasa gaskiya ce. Sai dai mai sauraro zai fahimci cewa da kuɗinsa ya saya bayan ya auna ta da wasu, kuma malamin ya san haka za a fahimta. Wannan saɓa wa ƙa'idar farko ce ta Grice, wato rage abin da ake buƙatar sani. A Amurka abin ya wuce ladabi ya shiga doka: hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta sabunta ƙa'idojinta a 2009, sannan a 2023, inda ta wajabta wa mai yaba kaya ya bayyana duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da mai kayan. Jimla guda ta wadatar: "Kyauta suka ba ni ita, ka san da wannan kafin ka ji ra'ayina." Kuma a farkon magana ake faɗinta, ba bayan mai tambaya ya gama yanke shawara ba.

Girma da kunya

Shawarar babba ga ƙarami tana da nauyin da ya kusa zama umarni. Idan kyaftin ya ce wa ɗalibi "sayi kaza," ɗalibin zai ji nauyin zuwa washegari da wani abu daban. Don haka ya kamata babba ya bar ƙofa a buɗe, ya ce: "Ni wannan ta yi mini, amma ga tawa ka gwada, ka kuma ari ta wane ka kwatanta." Brown da Levinson, a nazarinsu na ladabin zance da ya fito a 1987, sun nuna cewa irin wannan sassauci yana kare 'yancin mai sauraro ne na ya zaɓa wa kansa.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne ƙarami ya gyara wa babba. Sana'ar tuƙin jirgi ta koyi wannan da tsada. A hatsarin Tenerife na 27 ga Maris 1977, wanda ya ci rai 583, injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin tashi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. Bayan wani taro da hukumar NASA ta shirya a 1979 aka fara horar da ma'aikatan jirgi a kan yadda ƙarami zai furta damuwarsa a sarari, babba kuma ya saurara. A ganina, kunyar da muke yabawa a tarbiyyar Bahaushe ba ta hana wannan ba. Lafazi kawai take zaɓa. Ɗalibi yana iya cewa: "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tabaran nan da aka ambata, na ga an yi gargaɗi a kansa saboda allunan lantarki." Ya ba da girma, ya yi amfani da "aka" maimakon ya nuna mutum, amma gargaɗin ya fita cikakke. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ladabin ya cinye saƙon, a yi ta kewaye-kewaye har a tashi ba wanda ya gane an yi gyara.

Kushe ma yana da nasa ladabin, kuma gajere ne. "Kayansu banza ne" hukunci ne a kan kamfani dungurungum. "Tawa wayarta ta tsinke bayan wata shida, na mayar suka sauya mini" labari ne da mai sauraro zai iya aunawa.

Malami a aji

Ɗalibin da ke karanta wannan babi ba jirgi zai tuƙa ba, amma ranar da ya fara koyarwa za a fara yi masa irin tambayar nan. Uba zai tare shi a bakin makaranta ya ce: "Malam, wane ƙamus zan saya wa yaron nan?" Wakilan kamfanonin ɗab'i kuma sukan kawo wa malamai kwafin littafi kyauta, wani lokaci ma malamin ne da kansa ya rubuta littafin. Kafin ya amsa, sai ya tambayi ajin da yaron yake da abin da uban zai iya kashewa, ya faɗi wanda ya koyar da shi da hannunsa da wanda labarinsa kawai ya ji, in kuma yana da kaso a cikin cinikin ya faɗa tun uban bai sa hannu a aljihu ba.