Hazon hunturu da hayaƙi: Me mazauna Kaduna ke shaƙa?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe unguwannin arewacin kogin Kaduna, daga Kawo da Malali har zuwa Unguwar Rimi da Tudun Wada.

Akasarin jama'a na ɗora alhakin tari da murar da ke yawaita a wannan lokaci kan ƙurar hunturu.

Sai dai wani ɓangare na abin da ake shaƙa, a cikin garin ake samar da shi.

Daga ina yake fitowa?

Ita dai ƙurar, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi.

Shi kuwa hayaƙi, yana fitowa ne daga motoci da Keke Napep da ke cunkoso a titin Ahmadu Bello, da injinan janareto, da murhun itace da gawayi, da kuma sharar da ake ƙonawa.

A daren hunturu, iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi kuma ta rufe ta kamar faifai a bakin tukunya.

Don haka hayaƙin ba ya samun hanyar tashi sama, sai ya tsaya daidai inda mutane ke numfashi har hantsi ya dubi ludayi.

Illa ga lafiya

Masana sun fi damuwa da ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin mutum ya ninka su kauri kimanin sau 30.

Saboda ƙanƙantarsu, sukan kutsa can cikin huhu, wasu ma su shiga jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce gurɓatacciyar iska na janyo mutuwar mutane kimanin miliyan 7 a kowace shekara, ta hanyar ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da cututtukan huhu.

Yara ƙanana, da tsofaffi, da masu asma, da matan da ke wuni a bakin murhu su ne suka fi shiga haɗari.

Haka kuma janareto na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma takan kashe mutane cikin barci idan aka kunna shi a rufaffen wuri.

Dogaro da itace da gawayi kuma na ƙara cinye dazuzzukan da ke kewaye da birnin.

Me ake yi?

A shekara ta 2007 ne Najeriya ta kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli, yayin da jihar Kaduna ke da tata hukumar, KEPA.

A 2024, gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta ƙarfafa girki da makamashi mai tsabta, kamar iskar gas.

To amma tsadar gas ɗin na mayar da gidaje da dama kan gawayi.

Babu mai iya tare ƙurar Sahara.

Amma daina ƙona shara da tayoyi, da yin girki a inda iska ke shiga, da nisanta janareto daga taga, abubuwa ne da ke hannun mazauna garin.