Aikin Fasto a Ƙasar Gwandu: Tsakanin Teburin Dattawa da Wayar Aljihu

Wanda ya taso daga Birnin Kebbi ya nufi Kalgo, ya ratsa garuruwan da ke kewaye irin su Dangoma, abin da zai yi ta gani shi ne masallatai da makarantun allo da garken shanu. Ƙasar Gwandu ce, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda Musulunci ya kafu tun kafin Bature ya san hanya. Shi ya sa da yawa ba sa kawo wa ransu cewa akwai masu aikin fasto a yankin. Akwai su kuwa, kuma aikin nasu ya sha bamban da na manyan majami'un Jos ko Kaduna. Jama'arsu kaɗan ce, a warwatse take, kuma yawancinta aiki ne ya kawo ta: ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, matasa masu yi wa ƙasa hidima, 'yan kasuwa daga kudu, sai kuma 'yan jihar Kebbi da suka fito daga ƙasar Zuru da Yawuri, wato Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Fakkawa. Kowa da harshensa na gida, amma in an zo sujada Hausa ce ke haɗa mafi yawansu.

Can kudancin jihar ne Kiristanci ya fi daɗewa. 'Yan mishan na UMS sun isa Zuru a shekarun 1920, kuma daga aikinsu ne ikilisiyar UMCA ta fito. Su kuwa 'yan mishan na SIM, da suka fara sauka a Najeriya a 1893, gwamnatin mulkin mallaka ba ta sakar musu mara su yi wa'azi a masarautun Musulmi ba, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka samu shiga ta hanyar jinyar kutare, a Amanawa kusa da Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano. Ikilisiyoyin da suka tsiro daga SIM su ne suka zama ECWA a 1954. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba ƙarfinsa shekara da shekaru.

Ba a wayi gari mutum ya zama fasto. Sai ya ce ya ji kira, dattawan ikilisiyarsu sun shaida halinsa, sannan ya tafi makarantar Baibul, wasu har Kagoro ko Jos. In ya gama, yakan fara a matsayin mai bishara a wani ƙauye, ya yi shekaru ana kallon take-takensa kafin a ba shi lasisin yin baftisma da ba da jibin Ubangiji, daga baya a naɗa shi, a fara ce masa Rabaran. Wa'azin ranar Lahadi, wanda shi ne mutane ke gani, ƙaramin yanki ne na aikin. Akwai addu'ar safe, da nazarin tsakiyar mako, da ajin baftisma, da taron zumuntar mata, da na matasa, da koyon waƙa na mawaƙa. Akwai masu shirin aure da za a zauna da su, da ma'auratan da suka kwana ba sa magana, da mara lafiya a asibiti, da gawa da za a raka gida Zuru ko Ribah. Albashi kuwa ba ya kai wata, don haka fastoci da yawa manoma ne, matansu kuma na ɗan kiwo ko ƙaramar sana'a.

Abin da na waje bai cika sani ba shi ne fasto ba sarki ba ne a majami'arsa. A ECWA, alal misali, kowace ikilisiya tana da majalisar dattawa da jama'a suka zaɓa, da sakatare da ma'aji da sakataren kuɗi. Sama da su akwai majalisar yanki, sannan ta gunduma wadda ake ce wa DCC, har zuwa hedikwata a Jos. Gunduma ce ke turo fasto, ita ce kuma ke ɗauke shi. Shi baƙo ne da aka kawo, dattawa kuwa ya tarar da su, zai kuma tafi ya bar su. Duk wata magana mai nauyi, ko kashe kuɗi ne, ko gyaran rufi, ko sa wani a ƙarƙashin horo saboda laifi, sai an zauna a teburinsu, an buɗe da addu'a, sakatare ya rubuta. Taron kan ja lokaci, wani zubin har fasto ya ƙosa, amma shi ne garkuwarsa. In an yanke hukunci mai zafi, ba a ce Fasto ne ya yi ba, sai a ce dattawa sun zauna.

Cikin wannan tsari ne wayar hannu ta shigo, bayan zuwan layukan GSM a 2001. Amfaninta ba ya ɓoyuwa. A da, in wani ya rasu da dare, sai an tashi yaro da keke ya bi gida-gida, a kuma nemi direban da zai kai saƙo garinsu da safe. Yanzu kafin gari ya waye dangi sun ji, an haɗa kuɗin mota, an san wanda zai tafi. Faston da ke da Tecno ko Infinix ɗan madaidaici yana ɗauke da Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci a aljihu, da littattafan sharhi da a da sai ya je Jos zai gani. Takardar gunduma da kan yi mako a hanya tana isowa ta WhatsApp cikin ƙiftawar ido. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana jin saƙon murya. Magabatan fasto sun saurari Rediyo ELWA daga Laberiya da Muryar Bishara daga Addis Ababa a lokacin da aka tsara musu, shi kuwa shi ne mai watsa nasa shirin: ya ɗauki addu'ar minti uku da asuba ya tura zauren WhatsApp na ikilisiya, ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ta ji kafin ta kwanta. Kullum dai akwai zancen caji da data. Wuta ba ta da tabbas, man janareta ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023, don haka ƙaramar sola a kan rufin gidan fasto ta zama kayan aiki kamar keken da, kuma maƙwabta ma kan kawo nasu wayoyin.

Amma ni abin da na fi lura da shi shi ne yadda waya ta karkato da al'amuran ikilisiya daga teburin dattawa zuwa aljihun mutum ɗaya. Wannan ne sabon gwajin sana'ar, kuma ba a koyar da shi a tsofaffin darussan makarantar Baibul.

A ɗauki maganar kuɗi. Tun da can, baiko a fili ake yin sa. A zagaya da jaka ko a fito layi da waƙa a zuba a kwano, bayan an tashi mutum biyu ko uku su zauna su ƙirga, su rubuta, su sa hannu. Fasto ba ya taɓawa. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, sai kwano ya bushe. Mutane suna so su bayar, ba tsaba a hannu. Ƙananan majami'u da yawa ba su da asusun da za a tura wa nan take, ko kuma suna da shi amma ba wanda ya haddace lambar. Lambar da kowa ke da ita ta fasto ce. Sai alat ya fara shigowa wayarsa: wannan zakka ce, wannan na gini ne, wannan godiya ce, wannan kuwa ba a faɗi ko na mene ne ba. Matsin ya wuce, amma ɗabi'ar ta zauna.

Ga yadda mai tsoron Allah da sanin aiki ke yi. Bayan sujada ya kira ma'aji gefe, ya buɗe wayar a gabansa.

"Dattijo, ga abin da ya shigo mini cikin makon nan. Duba da idonka."

"Haba Baba Fasto, ai mun yarda da ku."

"Na sani. Amma a rubuta. Wannan dubu biyar ɗin mai ita ba ta ce komai ba, sai mu tambaye ta."

Aka nemo matar a bakin ƙofa tana ɗaura goyo. Ta ce, "Baba, ai na cefanenku ne, ku da Mama." Ya yi godiya, ya sa albarka, amma sai da ma'aji ya ji da kunnensa. Wani zai ce wannan tsanani ne a kan naira dubu biyar. Ni ban ga haka ba. Faston da aka fara raɗe-raɗin kuɗi a kansa, ko da ƙarya ne, wa'azinsa ya daina shiga kunne, kuma a ƙaramar ikilisiya inda kowa ya san kowa, ba a wanke irin wannan tabo da sauƙi.

Haka ƙorafi yake. A da mai ƙara sai ya sa takalmi ya zo gida, ya yi sallama, Mama Fasto ta kawo ruwa, kafin a gama gaisuwa rabin fushin ya sauka. Yanzu da tsakar dare saƙon murya na minti bakwai zai shigo, miji yana zayyana laifin matarsa, ko shugabar zumunta tana kuka da ma'ajiyarta, a haɗa da hoton hirar da aka yi a asirce a matsayin shaida. Mai turowa yana ganin alamar an buɗe saƙon, yana jiran hukunci kafin safiya. Faston da ya yi gaggawar amsawa ya yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya, kuma amsar tasa tana nan a ajiye, za a iya tura ta ga kowa. Ƙwararru kan ce kawai, "Na ji, Allah ya ba da haƙuri, ka zo gobe da yamma." In maganar ta fi ƙarfin shawara, sai a kai ta gaban dattawa yadda aka saba. Su ma dattawan suna da zaurensu na WhatsApp, wanda ke da amfani wurin kiran taro, amma in aka mai da shi wurin yanke magana, sai ka tarar mai saurin yatsa ya rinjayi mai zurfin tunani, tsohon da wayarsa ƙarama ce kuma an bar shi a baya, alhali shi ne ya san asalin rigimar.

Akwai kuma amanar sirri. Abin da mutane ke faɗa wa fasto, na ciwo da na bashi da na zunubi, a da a ƙirjinsa yake tsayawa. Yanzu yana cikin na'urar da yaransa ke ɗauka su yi wasa, wadda ake bari a shagon caji, wadda za a iya sacewa a tasha. Sa mata makulli da goge abin da bai kamata ya kwana ba ya zama wani ɓangare na riƙon amana. Ga kuma 'yan damfara da kan ƙwace layin WhatsApp na mutum su bi abokansa suna roƙon kuɗi da sunansa. In layin fasto ne, mutane kan tura ba tare da tambaya ba, don ba sa son a ce Baba ya nema sun hana.

A wuri irin ƙasar Gwandu, akwai nauyin da ya fi waɗannan duka. Kiristan yankin suna zaune ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, asibiti ɗaya. Zaman lafiyar nan da gaisuwa aka gina shi, da zuwa suna da ta'aziyya, da tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti da ke ƙetare katanga. Faston kirki in ya sauka sabon wuri yakan je ya gai da hakimi ko mai gari kafin ya gama kwance kaya. Amma bidiyo ɗaya da aka ɗauko daga wata ƙasa, ko kalma ɗaya da yaro ya rubuta cikin zafin rai, na iya rusa aikin shekaru. Kowa a yankin yana tune da watan Mayu 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bayan wani saƙon murya a zauren ajinsu, abin da Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da shi. Tun daga nan fastoci suka ƙara matsa wa matasa da gargaɗi: kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba, kada ka taɓa addinin wani, in an tsokane ka ka kawo maganar gida. Haka in labarin hari ya ɓullo daga wajen Danko-Wasagu, inda da yawa cikin jama'arsa ke da iyaye, aikinsa ne ya kira wanda ke can ya ji gaskiya kafin zaure ya cika da kuka.

Ziyara kuwa tana nan a matsayinta. Bafulatanin Dangoma ba ya sanin saniyar da ke ɗingishi sai ya shiga cikin garke, haka fasto ba ya sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba ta hanyar saƙo, domin a waya kowa lafiya lau yake cewa. Sai ya hau babur ya je, ya zauna a tabarma, ya ga idon mutum. Tsadar mai ta sa wasu sun rage fita suna cewa ai sun kira, jama'a kuma suna lura, ko ba su faɗa ba.

Ranar da takardar canjin wuri ta zo daga gunduma, al'ada ita ce fasto ya miƙa wa magajinsa rajistar baftisma da ta aure da littafin taron dattawa da makullan majami'a, a gaban shaidu. Yanzu rabin abin da ikilisiya ta sani game da kanta yana cikin wayarsa: lambobin mutane, alƙawuran masu ba da gudummawar gini, hotunan takardun fili, shugabancin zauruka. In ya hau mota da su, sabon zai fara daga tushe, jama'a kuma za su ci gaba da kiran tsohon suna kai masa ƙarar sabon. A ganina lokaci ya yi da kowace ƙaramar ikilisiya za ta mallaki layinta da asusunta da sunanta, sakatare ya riƙe, a kuma sa su cikin jerin kayan da ake miƙawa tare da rajista da makulli.