Abin da ya kamata ku sani: Me ake ba yaran da ke ƙwanƙwasa ƙofa a daren Halowin?

Ranar 31 ga Oktoba ta kowace shekara, da zarar rana ta faɗi, yara a Amurka da Kanada da wasu sassan Birtaniya kan fito cikin shigar dodanni da mayu da jaruman fim, suna bin gida-gida da jaka ko ɗan bokiti mai siffar kabewa. Idan aka buɗe musu ƙofa sai su ce "trick or treat", wato a ba su ɗan abin daɗi ko su yi wa mai gida tsiya. Tsiyar dai yanzu a baki kawai ta rage. Abin da suke jira shi ne a jefa musu alewa a jaka, su yi godiya, su wuce gida na gaba.

Bahaushen da ya je karatu ko aiki a Houston ko Toronto, ko wanda ya kai iyalinsa can, ko yana so ko ba ya so zai iya jin ƙararrawar ƙofarsa tana kaɗawa a wannan dare. Ga abin da ya kamata ya sani kafin ya buɗe.

Daga ina al'adar ta samo asali?

Tushenta yana Ayalan da Sukotilan, inda mutanen da suke yin wani biki mai suna Samhain a ƙarshen kaka, lokacin da sanyi ke shigowa. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waliyyai, sai daren da ke gabanta ya zama Halowin. A Ingila talakawa kan bi gidaje suna karɓar ɗan burodi mai zaƙi, su yi wa mamatan gidan addu'a. A Sukotilan kuwa yara ne ke ɓad da kama, su yi waƙa ko barkwanci a ba su tuffa ko kwabo. Masu ƙaura daga waɗannan ƙasashe ne suka tsallaka da al'adar zuwa Amurka da Kanada a ƙarni na 19.

Ba da alewar kanti kuwa sabon abu ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ɗan bayansa gwamnatin Amurka ta taƙaita sayar da sukari daga 1942 zuwa 1947, sai yawon ya ja baya. A shekarun 1950 ne ya kankama, kamfanonin alewa kuma suka ga kasuwa ta buɗe. Ƙungiyar 'yan kasuwar kantuna ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 an kashe kimanin dala biliyan 3.6 a kan alewar Halowin kaɗai.

Ƙa'ida ta farko: abin da aka rufe daga kamfani

Nan ne wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai fi saurin yin kuskure. A wurinmu, idan yara suka zo yawon barka da Sallah, karamci shi ne a ɗebo musu abin da uwargida ta kwana tana haɗawa: cincin, dubulan, alkaki, tuwon madara. A can kuwa duk abin da aka yi a gida aka ƙulla a leda, shara zai tafi, komai daɗinsa. Iyaye kan zazzage jakar yaro a kan tebur idan an dawo gida, su duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda takardarsa ta yage, da wanda ba shi da sunan kamfani, da 'ya'yan itace, duk gefe ake turawa.

Wannan tsoro yana da tarihi. A 1974, a jihar Texas, wani mutum mai suna Ronald Clark O'Bryan ya zuba guba a cikin alewar Pixy Stix ya ba ɗansa mai shekara 8 don ya karɓi kuɗin inshora, kuma ya ba wasu yara irinta don ya ɓad da sawu. An zartar masa da hukuncin kisa a 1984. A 1982 kuma, wata guda kafin Halowin, mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya sa wa guba. Masanin zamantakewa Joel Best na Jami'ar Delaware ya shafe shekaru da dama yana bin diddigin irin waɗannan labarai, bai kuma samu shaidar cewa wani baƙo ya taɓa kashe yaro da alewar da ya raba a ƙofa ba. Amma tsoron ya riga ya zauna a zukata, kuma mai gida ba zai iya kankare shi a dare ɗaya ba. Abin da zai iya yi shi ne ya ba da abin da uwa za ta gani ta yarda.

Don haka ake sayen manyan ledoji da ke ɗauke da ƙananan alewa, kowace a rufe da takardarta. Waɗanda suka fi yawo su ne Reese's, Snickers, M&M's, Kit Kat, Twix da Skittles. Ɗaya ko biyu ga kowane yaro ya wadatar. Gidan da ke ba da cikakkiyar sandar cakulan kan yi suna a unguwa, yara suna gaya wa juna, amma ba wanda ya wajabta hakan.

Yaran da jikinsu ba ya jituwa da wasu abinci

Wannan haɗarin ya fi na guba kusa. Dokar Amurka ta lissafa abinci 9 da dole a bayyana su a jikin kaya saboda alaji: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu da almon, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara daga Janairun 2023. Ga yaron da ke da alajin gyaɗa mai tsanani, ɗan gutsure kaɗan kan iya kumbura masa maƙogwaro har numfashi ya gagara. Reese's da Snickers, waɗanda aka fi rububi, dukkansu da gyaɗa ake yinsu. Ƙaramar takardar alewa kuma ba kullum take ɗauke da jerin abubuwan da aka haɗa ba, sau da yawa a jikin babbar ledar aka buga su. Kada a jefar da ledar, a ajiye ta kusa da ƙofa, domin wani uba zai iya tambaya.

Saboda waɗannan yara ne ƙungiyar FARE, mai fafutuka a kan alajin abinci, ta yaɗa wata alama a faɗin Amurka tun 2014. Mai gida zai ajiye kabewa mai launi tsakanin shuɗi da kore a bakin ƙofa, ma'ana a wannan gidan akwai kyautar da ba ta ci ba ce. Abubuwan da ake sawa sun haɗa da sitika, fensir mai launi, 'yar kwalbar hura kumfa, ƙaramar ƙwallo, da sanda ko awarwaro mai haske a duhu. A zuba su a kwano daban, kada a cakuɗa da alewa, sannan a miƙa wa kowane yaro kwanonin biyu ya zaɓa.

Wani zai ce yaro ba zai bar alewa ya ɗauki fensir ba. Masu bincike a Jami'ar Yale sun gwada hakan, suka wallafa sakamakon a 2003: da aka ba yara zaɓi tsakanin alewa da ɗan abin wasa a ƙofa, kusan rabinsu abin wasan suka ɗauka. Awarwaro mai haske yana da wani amfanin ma. Wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta buga a 2018 ya nuna cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa sakamakon bugun mota ta fi ta sauran ranaku da kashi 43 cikin 100 a yammacin Halowin a Amurka, kuma ƙananan yara ne abin ya fi shafa. Yaro mai baƙar shiga a kan titi da dare ya fi bukatar abin da direba zai hango.

'Yan ƙanana

Idan an zo da yaro ɗan ƙasa da shekara 4, a guji alewa mai tauri da cingam da duk abin da ke da siffar ƙwallo, saboda shaƙewa. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Ƙananan kayan wasa ma ba na 'yan wannan shekaru ba ne. Sitika ko cakulan mai narkewa a baki sun fi dacewa, kuma ya fi kyau a miƙa wa uwar ko uban da ke tsaye a baya. Akwai kuma yaran da kunya ko wata lalura ba ta barin su buɗe baki. Ba a tilasta musu faɗin komai kafin a ba su.

Batun halal

Ga gidan Musulmi, ko unguwar da ke da Musulmi da Yahudawa da masu ƙin cin nama, abin dubawa shi ne jelatin, sinadarin da ke sa alewa ta yi danƙo. Daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, kuma a Amurka da Turai yawanci na alade ne. Ana samunsa a yawancin alewa masu taushi kamar roba da fararen alewa masu laushi kamar auduga. Alewar Haribo da ake yi a Jamus galibi da jelatin alade ne, amma wadda ake yi a Turkiyya da na saniya ce kuma tana da shaidar halal, don haka a duba ƙasar da aka rubuta a bayan leda. Kamfanoni kan sauya haɗinsu, kuma suna ɗaya kan iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa karanta leda ya fi dogara da abin da aka ji a bakin mutane. Cakulan zalla da alewar tsinke ba su cika samun wannan matsala ba.

Nawa za a saya?

Ya danganta da unguwa. Gidan da ke kan layi mai yawan iyalai kan iya ganin yara sama da ɗari, mai zama a benen haya kuwa wataƙila ba wanda zai hawo. Maƙwabcin da ya daɗe a layin shi ne ya fi kowa sanin amsa. Garuruwa da yawa kan sanar da lokacin farawa da gamawa, yawanci daga faɗuwar rana zuwa ƙarfe 8 ko 9 na dare.

Cakulan ya yi tsada a 'yan shekarun nan, kuma dalilin daga yankinmu yake. Ghana da Kwaddibuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya. Da cutar itatuwa da rashin kyawun damina suka rage amfanin gonarsu, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a Maris na 2024, abin da ba a taɓa gani ba. Mai son rage kashe kuɗi zai iya haɗa cakulan kaɗan da alewar 'ya'yan itace da sitika, ba wanda zai ga laifinsa.

Idan mutum ba ya son shiga fa?

Malamai da yawa na Musulunci suna hana shiga bikin saboda tushensa, haka ma wasu coci-coci, kuma akwai Amurkawa da dama da ba sa yi don dalilansu na kansu. Al'adar ta tanadi mafita mai sauƙi, ita ce fitilar bakin ƙofa. Idan tana kunne, ana maraba da yara. Idan a kashe take, iyaye sun koya wa 'ya'yansu su wuce. A Birtaniya kabewar da aka ajiye a ƙofa ko taga ce ke yin wannan aiki, gidan da ba shi da ita ba a cika damunsa ba.

Wanda ya zaɓi ƙin shiga sai ya kashe fitilar tun da yamma, ya sauke labule. Idan duk da haka wani yaro ya danna ƙararrawa, ba dole a buɗe ba, in kuma an buɗe, a ce masa da fara'a ba a yi a gidan. Wanda ya raba har alewarsa ta ƙare shi ma fitilar zai kashe, yara za su gane cewa an tashi.