Me Ya Sa AC Ɗinka Ke Kashe Kansa Da Tsakar Rana?

Idan ka taɓa barin wayarka a cikin mota da rana, ka san abin da ke faruwa: ta ɗau zafi, ta gargaɗe ka, wani lokacin ma ta mutu da kanta. Haka AC yake. A jikin kwamfireso, injin da ke cikin akwatin waje, akwai wata 'yar na'urar kariya da ke yanke wuta da zarar zafi ya wuce kima, don kada wayoyin cikinsa su ƙone. Idan ya huce sai ya sake tashi. Shi ya sa za ka ji sanyi na ɗan lokaci, sai iska mai ɗumi, can kuma sanyi ya dawo.

Kafin ka kira mai gyara, leƙa akwatin waje. Ta nan ne zafin da aka kwaso daga ɗakinka ke fita. Ƙurar hunturu kan toshe siraran ƙarafan bayansa, bazara kuma ta zo ta same su a toshe. Kashe wutar daga bango, ka wanke su da ruwa a hankali, domin ruwa mai ƙarfi na lanƙwasa su, kuma ka kauce wa wajen wayoyi. Duba ko an jingina masa katako, ko an matse shi a lungun da iska ba ta wucewa. Idan rana na dukansa, yi masa rumfa daga sama, ka bar gaba da gefe a buɗe. Ragar da ke cikin ɗaki kuwa, wanke ta duk bayan mako biyu.

Sai batun wuta. An ƙera waɗannan na'urori ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan wutar unguwa ta yi rauni, ko janareta ya yi ƙanƙanta, kwamfireso yakan ja wuta fiye da kima, ya yi zafi. Sitabilaiza daidai ƙarfin AC ɗin na magance wannan. Idan kuma aka ɗauke wuta aka dawo da ita, dakata minti 3 kafin ka kunna.

In kana jin gurnani daga waje amma fankar ba ta juyawa, ana zargin kafasito ko motar fankar. Nan aikinka ya ƙare. Kafasito na riƙe wuta ko an kashe soket, kada ka sa hannu.

Yi hattara da maganar nan ta "gas ya ƙare". Gas ɗin AC ba man fetur ba ne, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ƙarancinsa na sa kwamfireso zafi, tunda gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya shi. Duk mai gyaran da zai ƙara maka gas bai nemo ɓular ya liƙe ba, kuɗinka zai sake ci.

Mai shirin sayen sabo kuwa, ya duba takardar da ke manne a jikin akwatin waje. Mai alamar T1 an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 kuma yana jure har 52. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura 40, T3 ya fi dacewa ko da ya fi tsada.