Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ake Ƙarfafa Tsaron Kwamfuta da Wayar Kasuwanci

Gabatarwa

A shekarun baya, ɗan kasuwar da ya taso daga Tsamaye zuwa cin kasuwar Sabon Birni, ko ta Isa, ko ta Shinkafi, kuɗinsa a aljihun ciki yake ɗaure su, lissafinsa kuwa yana cikin littafi ko a ka. Yanzu al'amarin ya sauya. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a shekarar 2012, ya kuma fitar da ƙa'idojin aikin wakilan banki a 2013. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya sa har mai sayar da gero da albasa ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Haka kuma rashin tsaro a hanyoyin wannan yanki ya sa mutane da yawa suna gudun yawo da kuɗi a jiki. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021, ciki har da Sabon Birni da Isa, jama'a sun gane irin dogaron da cinikinsu ya yi a kan waya.

Ke nan dukiyar ɗan kasuwa ta koma cikin na'ura, wato wayar salula, da na'urar POS, da kwamfutar da ake ajiye lissafin shago a cikinta. Inda dukiya ta koma kuwa, can ɓarawo yake bin ta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata dabara da masana kwamfuta suke kira ƙarfafa na'ura, wadda mafi yawanta ba ta bukatar ko kwabo, sai dai sani da kula.

Mene ne ƙarfafa na'ura?

Ɗalibin tarihi ya san cewa birnin Alkalawa, wanda kufansa yake a wannan yanki, shi ne babban birnin Gobir tun ƙarni na 18 har zuwa 1808, kuma kamar sauran biranen ƙasar Hausa, ganuwa ce ta kewaye shi. Masu ginin ganuwa ba su yawaita ƙofofi, domin kowace ƙofa tana bukatar ƙyaure da mai tsaro, kuma dole a rufe ta da dare. Duk kaurin ganuwa, raunin birni yana ga ƙofofinsa da wuraren da katangar ta zube.

Ita ma na'ura mai ƙwaƙwalwa haka take. Kowace manhaja da aka sa mata, da kowane mutum da aka ba izinin shiga, da kowace hanya da take magana da wasu na'urori ta cikinta, ƙofa ce. Ƙarfafa na'ura shi ne a ƙidaya waɗannan ƙofofi, a toshe duk wadda ba a bukata, a sa wa sauran makulli mai ƙarfi, sa'an nan a riƙa duba katangar ana gyara inda ta tsage. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Dalilin da ya sa aikin ya zama dole shi ne, kamfanonin da suke ƙera na'urori sukan fi damuwa da sauƙin amfani. Suna so mai saye ya kunna ta kama aiki nan take, saboda haka sukan bar hanyoyi da dama a buɗe, su kuma sa lambar sirri iri ɗaya a dubban na'urori. Aikin rufewa ya rage ga mai ita.

Mataki na farko: sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a intanet. Abin da take yi kawai shi ne ta ƙwanƙwasa ƙofar kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da aka san kamfanoni suna sa wa kayansu. Da wannan kaɗai ta mallake dubban ɗaruruwan na'urori, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. Masu waɗannan na'urori ba su taɓa sauya makullin da suka sayo su da shi ba.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna muhimmancin tsawon kalmar sirri. Lamba mai alƙaluma 4 tana da zubi 10,000 ne kacal, mai alƙaluma 6 tana da miliyan 1. Kalma mai ƙananan haruffa 8 daga cikin haruffan boko 26 na allon rubutun kwamfuta tana da zubi fiye da biliyan 208, domin ana ninka 26 ne da kanta har sau 8. Kowane harafi da aka ƙara yana ninka wahalar mai kutse sau 26. Amma duk wannan lissafi ya rushe idan mutum ya zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarsa, ko ƙarshen lambar wayarsa, domin su ne farkon abin da ɓarawo zai gwada.

Shi kansa layin waya yana da makulli, ko da yake mutane kaɗan ne suke amfani da shi. Wanda ya saci waya yakan zare layin ya sa a wata, ya nemi shiga asusun banki ta gajerun lambobin da ake dannawa. Idan an sa wa layin lambar sirri, ba zai yi aiki a kowace waya ba sai an shigar da ita, kuma da an yi kuskure sau 3 zai kulle kansa.

Mataki na biyu: cire duk abin da ba a bukata

Kwamfuta tana da ƙofofin sadarwa masu lamba daga 1 zuwa 65,535, kowane irin aiki da tasa ƙofar. Shagon da aikinsa buga takardu ne da cike fom ɗin jarrabawa ba ya bukatar fiye da kaɗan daga cikinsu. Tsarin Windows yana zuwa da katangar kariya wadda take rufe sauran, kuma kuskure ne a kashe ta don kawai wata manhaja ta ƙi aiki.

A wannan yanki, babbar hanyar shigar cuta ita ce filashi da katin ajiya na waya. Kwamfutar da ake tura wa jama'a fina-finai da ita tana karɓar katuna masu yawa a rana, kuma kowannensu yana iya ɗauko muguwar manhaja daga wata na'urar. Bai kamata irin wannan kwamfuta ta zama ita ce ake shiga banki da ita ba. Haka nan wayar da wakilin banki yake aiki da ita, bai dace a cika ta da wasanni, da manhajojin da aka turo daga wayar aboki, da WhatsApp na jabu wanda bai fito daga kamfanin ba. Abin da ya fi shi ne a ware wayar kasuwanci daban, kuma idan za a kai ta wurin masu caji, a kulle ta ko a kashe ta tukuna.

Mataki na uku: sabunta manhaja

Manhaja rubutun ɗan Adam ce, ba ta rasa kuskure, kuma wani kuskuren yakan zama kafar shiga. Idan kamfani ya gano irin wannan, sai ya fitar da gyara. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka, ta ƙofa mai lamba 445, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Tana kulle bayanan mutum ta ce sai ya biya fansa. A Ingila sai da asibitoci suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Gyaran yana nan kyauta tun kafin harin, amma waɗanda abin ya shafa ba su saka shi ba.

Akwai kuma tsofaffin manhajoji da kamfani ya daina yi wa gyara. An daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a watan Janairu na 2020, sa'an nan kulawar yau da kullum ta Windows 10 ta ƙare a Oktoba na 2025. Kwamfutocin hannu na biyu da ake sayowa daga Kano ko Sakkwato sau da yawa da irin waɗannan suke zuwa. Mutane kuma sukan kashe sabuntawa don tsimin data, alhali kuɗin datar bai kai komai ba idan aka kwatanta da jarin da ake karewa.

Mataki na huɗu: kowa da iyakarsa

Maigida mai hankali yakan ba yaron shago makullin ƙofa, amma ba ya ba shi na akwatin kuɗi. A kwamfuta ma akwai asusun mai cikakken iko, wanda zai iya sa manhaja ko goge komai, akwai kuma na mai amfani kawai. Aikin yau da kullum da ƙaramin asusu ya kamata a riƙa yin sa, domin ko cuta ta shiga ta nan, ikonta ba zai wuce na asusun ba. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa, kuma ranar da ya bar aiki a rufe shi, a sauya duk lambar da ya sani.

A shekarar 2021 masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Bututun ya tsaya na kwanaki, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. Wannan asusu ba shi da makulli na biyu, wato ƙarin lambar da ake aiko wa mutum ko yake samarwa a wayarsa bayan ya sa kalmar sirri. Bankuna da Gmail da WhatsApp duk suna da wannan tsari. Sai dai amfaninsa yana ƙarewa da zarar mai shi ya karanta wa wani lambar a waya. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa ko wadda aka turo masa, duk wanda ya kira da wannan bukata ɗan damfara ne, ko da ya ambaci sunan mutum da BVN ɗinsa daidai.

Mataki na biyar: ajiyar kwafi

Ko an yi duk abin da aka zayyana, na'ura tana iya lalacewa, ko a sace ta, ko a kulle bayananta. Masana suna ba da shawarar a riƙe kwafi 3 na muhimman bayanai, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da shagon. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, wannan yana nufin lissafin da ke kwamfuta, da kwafinsa a filashin da ake cirewa a kai gida, da littafin bashi na takarda. Filashin da aka bari a jikin kwamfuta kullum, cutar da ta kama ta za ta kama shi.

Kammalawa

Kare waɗannan na'urori ya wuce maganar dukiyar mai shago shi kaɗai. A wayar wakilin banki da kwamfutar mai cike fom akwai sunaye, da lambobin asusu, da lambar NIN ta mutanen gari. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci ga masu kutse. Amma kuɗin da suka riga suka fita daga asusu, dawo da su aiki ne mai wuya, musamman ga wanda zuwa reshen banki yake ci masa yini guda a kan hanya mai haɗari.

A gidaje da yawa na Tsamaye da maƙwabtanta, ɗalibin sakandare shi ne wanda uba ko yaya yake miƙa wa waya idan ta rikice. Saboda haka malamin kwamfuta ko na lissafi zai iya ba ɗalibansa wannan aikin gida: kowa ya nemi izinin mai waya ko mai shago ɗaya, ya ƙidaya manhajojin da ke cikin na'urar da waɗanda ake amfani da su a zahiri, ya duba ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe, ya tambaya ko layin yana da makulli, ya kuma gano mutum nawa ne suka san lambar sirrin, ba tare da shi ya nemi a faɗa masa ita ba. Idan aka tattara amsoshin a kan allo, ajin zai ga da idonsa yawan ƙofofin da suke kwana a buɗe a garinsu, da waɗanda za a iya rufewa kafin ranar kasuwa mai zuwa.